DARASIN WANGA WATA: YADDA SALULA TA ƊINKE KASUWANNIN GARURUWANMU

Darasinmu na wanga wata kan sayar da amfanin gona yake. Manomi na yin wata huɗu yana wahala cikin gona, amma cikin rana guda ta kasuwa ake yanka mashi ladan wahalarshi. In ya sayar da arha, gumin shekara ya tafi aljihun wani. Yau kuwa, farashin da ake yi maka a kasuwar garinku ba nan kaɗai ake yanke shi ba. Da hannun Maraɗi a ciki, da na Damagaram, da na Yamai, har da na Kano, kuma ta waya labarin ke isowa. Don haka ya kamata ka san yadda abin ke tafiya. Ka karanta a hankali. In dare ya yi, ka karanta ma waɗanda ba su samu shiga aji ba.

1. BABBAN GARI DA GARURUWAN DA KE KEWAYE DA SHI

Mu ɗauki Maraɗi misali. Maraɗi kamar uwa take, garuruwa na kewaye da ita: Tsibiri, Jiratawa, Madarumfa, Ɗan Isa, Gidan Rumji, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Mayahi da Dakwaro. Kowane da abin da anka san shi da shi. Jiratawa na da noman rani da zogale. Wajen Cadawa da Agye akwai aya. Dakwaro na da bisashe. Wake da gero da riɗi kuwa suna fitowa ko'ina. Kayan ga duka suna gangarowa Maraɗi, musamman ran Litinin da ran Juma'a, kwanakin babbar kasuwa. Daga nan su kama hanyar Yamai, wadda ta fi kilomita 600, ko ta Damagaram, wadda ta fi kilomita 200, ko su yi kudu ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano.

Haka abin yake a Tawa da Madawa da Ƙonni, inda albasar Galmi ke jan kamyo daga nesa. Haka yake a Damagaram da Mirya da Matamai da Magarya. Babban gari guda, da ƙananan garuruwa masu ci da shi, shi ma yana ci da su.

Tun kaka da kakanni garuruwan ga na ciniki da juna. Abin da ya sake shi ne saurin da labari da kuɗi ke yi tsakaninsu.

2. JIYA DA YAU

Dattawanku sun san zamanin SONARA, wadda anka kafa a 1962 don sayen gujiya, da OPVN, wadda anka kafa a 1970 don hatsi. A lokacin, gwamnati ke faɗin farashi, a ji a rediyo. Da anka saki kasuwa, sai kowace ta koma da nata farashi. Mai son sanin kuɗin gero a Tasawa, sai ya hau mota ya je, ko ya jira direba ya dawo da labari. Kafin labari ya iso, farashi ya riga ya sake. Ma'aikatan SIMA, masu bin kasuwanni suna rubuta farashin hatsi, sun taimaka ƙwarai, don ana karanta rahotonsu a rediyo. Amma rahoton mako ba shi gaya maka abin da ake ciki yau da hantsi.

A shekarar 2001 salula ta shigo Nijar. Ta fara daga manyan birane, sannan eriyoyi sunka bi hanyar godoro gari bayan gari, daga baya sunka shiga daji. Kamfanonin sun sha sake suna. Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, an sayar da shi a 2019, ya koma Zamani. Sonitel da SahelCom sun haɗu a 2016 sunka zama Niger Telecom. Akwai kuma Moov. Ban da su, ga gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, waɗanda kuke ganin allunansu bakin tasha.

Waɗanga kamfanoni ba su noma, ba su kiwo. Hajarsu ita ce kai magana da kai lissafi daga wuri zuwa wuri, su ɗauki ladansu. Kusan dukansu hedkwatarsu na Yamai. Suna da reshe a Maraɗi, da ƙaramin reshe a Tasawa ko Dakwaro, da wakili mai tebur da laima a kasuwar ƙauye. Wanga jeri, daga uwa zuwa reshe, daga reshe zuwa wakili, shi ne igiyar da ta ɗaure garuruwa da juna. Garin da ke da eriya da wakili ya shiga cikin igiya. Garin da ba shi da su yana bayan layi, ko da gonakinshi sun fi na kowa albarka.

3. HANYOYI UKU

Don ka riƙe darasin ga, ka tuna hanyoyi uku ne ke tsakanin garinku da birni.

Ta farko, hanyar labari. Ɗan kasuwa na zaune a rumfarshi a Maraɗi. Kafin rana ta yi tsaka, ya kira yaronshi na Mayahi, da na Gazawa, da abokinshi na kasuwar Dawanau a Kano. Ya san inda wake ke da arha, ya san inda ake nemanshi. Mai babbar waya kuma yana aika hoton kaya da saƙon murya ta WhatsApp, mai saye ya ga girman albasa ko ƙibar rago bai taso ba. Kuɗin canjin naira da sefa ma haka yake yawo: in ya motsa a Jibiya da safe, kafin azahar ƴan canjin Maraɗi sun sake baki.

Ta biyu, hanyar kuɗi. Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. In ɗanka ya ba wakili jika 20 a Yamai don ka karɓa a Agye, takardun kuɗin ba su hawa mota. Suna nan cikin akwatin wakilin Yamai. Lamba ce kawai ke tafiya ta waya, ta ce ma wakilin Agye: ka ba wane jika 20 daga akwatinka. Daga baya kamfani ya daidaita lissafi tsakaninsu. Shi ya sa wata rana kana zuwa wurin wakili ya ce maka babu tsabar kuɗi, ka dawo gobe. Ƙauye ya fi karɓa bisa aikawa, musamman tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ƴan ci-rani ke turo taimako daga Yamai, da Agadas, da Abijan, da Libiya. Akwatin wakilin ƙauye na ƙarewa da wuri, sai ya je babban gari ya ɗebo. Ka ga ashe ko kuɗin da ke hannunka a ƙauye, da reshen birni yake rataye.

Ta uku, hanyar kaya. Labari da kuɗi na tafiya kamar walƙiya, amma buhu ba shi shiga waya. Sai amalanke, sai babur, sai kamyo. Abin da waya ta gyara a nan shi ne haɗa mai kaya da mai mota. Direban da ya sauke siminti a Tasawa ba shi son komawa Maraɗi fanko. Da kira guda ana iya samo mashi lodi, kuma mai komawa fanko ya fi sassauta kuɗi. Motocin fasinja na manyan kamfanoni su ma suna ɗaukar saƙo: a ba su ƙunshi a Damagaram, a kira mai shi a Yamai ya tarye shi a tasha.

In ɗaya cikin ukun ga ta yanke, sauran biyu sun gurgunce. Mun gani a watan Agusta 2019, da Najeriya ta rufe iyakarta har Disamba 2020, mun kuma sake gani daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Waya na aiki, ana jin farashin Kano sarai, amma kaya ba su wucewa. Jin farashin bai ƙara ma kowa ko dala ba.

4. ABIN DA BINCIKE YA NUNA A ƘASARMU

Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar a shekarun da eriyoyi ke yaɗuwa, daga 2001 zuwa 2006. Ta fitar da sakamako a 2010. Ta gano cewa inda salula ta isa, ratar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ratar ta fi raguwa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna, da waɗanda hanyarsu ba ta da kyau. Dalili a fili yake. Da ɗan kasuwa ya ji gero ya yi tsada a wani gari, sai ya tura kaya can, tsadar ta sauka. Inda yake da arha kuma masu saye su yi yawa, ya ɗan tashi. Wanga alheri ne ga mai sayen abinci, musamman shekarar da damina ta gaza.

To, manomi fa? Nan ne ya kamata ka buɗe kunne. Malamar da wani abokin aikinta, Marcel Fafchamps, sun sake dubawa, wannan karo kan kuɗin da ake biyan manomi shi kanshi. A sakamakon da sunka fitar a 2015, ratar farashin wake tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 6 cikin 100. Ga gero da dawa ba su ga canji ba. Kuma ba su ga kuɗin da manomi ke samu ya ƙaru ba.

Ma'ana, ɗan kasuwa ne ya fara cin moriyar waya. Shi ke da jari, shi ke da mangaza, shi ya san direbobi. Manomi kuwa, ko ya ji farashin birni, buhunshi biyu ne, bashi na bisa wuyanshi, ga suna ko biki ya matso. Dole ya sayar yau, a nan, ga wanda ke gabanshi.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da sunka shafe ku kai tsaye. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an koya ma wasu ɗaliban yaƙi da jahilci aiki da salula cikin darasinsu. Da anka yi jarrabawa, sun fi sauran ƙoƙari a rubutu da lissafi, don kullum suna taɓa haruffa da lambobi. A 2010 kuma, bayan farin da anka yi, ƙungiyar Concern ta raba taimakon kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, mata ne masu karɓa. Wasu an ba su hannu da hannu, wasu ta waya. Waɗanda sunka karɓa ta waya ba su ɓata yini cikin tafiya da layi ba, kuma an ga abincin gidajensu ya fi na sauran yawan iri.

5. MU YI LISSAFI

Ɗauko kaye da alƙalami. Lambobin ga na misali ne. Kai ka sa na garinku a madadinsu.

A ce buhun wake na jika 24 a kasuwarku. Ka kira Maraɗi, an ce jika 28. Rata jika 4 ke nan. Kada ka yi murna tukuna. Ka cire abin da kowane buhu zai ci a hanya:

Kuɗin mota: sefa 1.500
Ƴan dako, lodi da sauka: sefa 300
La'adar dillali: sefa 500
Tikitin kasuwa: sefa 100
Jimla: sefa 2.400 kowane buhu

Kai kanka kuma za ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, a ce sefa 3.000.

In buhu 2 gare ka, ratar ta ba ka sefa 8.000. Ka kashe 4.800 kan buhuna, da 3.000 kan kanka, wato 7.800. Saura sefa 200. Ka ɓata yini guda a banza, ko furar da ka sha a tasha ba ta fita ba.

Yanzu a ce ku goma kun haɗa buhu 30, kun wakilta mutum guda. Ratar ta ba ku sefa 120.000. Buhuna sun ci 72.000, wakili ya ci 3.000. Don kada ya ratso daji da kuɗi cikin aljihu, ya turo su ta gidan aika kuɗi, a ce ladan aikawa 2.000. Jimlar kashewa 77.000. Saura sefa 43.000, wato fiye da 1.400 kan kowane buhu. Waya ɗaya ce, farashi ɗaya ne, hanya ɗaya ce. Haɗin kai ne ya raba 200 da 43.000. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Akwai riba ta biyu wadda ba ta fito cikin lissafin ba. Ranar da mai awo na kasuwarku ya san kun san farashin Maraɗi, kuma kuna da ikon kai kayanku can, bakinshi zai sake ko ba ku motsa ba. Amma fa sai in ya tabbata kuna iya jira. Shi ya sa muke yawan yi maku maganar mangazar ƙungiya da jinginar amfanin gona, wadda ake kira warantaji: ku ajiye kaya a mangaza lokacin kaka, ku karɓi rance a kansu, ku sayar in farashi ya tashi.

6. INA RIBA KE KWANA?

Kowane kira da ka yi, kowane kuɗi da ka aika ko ka cire, akwai ladan da ke fita daga aljihunka. Wakilin ƙauye na samun kaɗan, sauran ya haura reshe, ya haura hedkwata. Igiyar da ke kawo maka labari, ita ce kuma ke jan kuɗi zuwa birni. Ba laifi ba ne a biya ladan aiki. Laifin shi ne ka biya kiredi kullum don gaisuwa da hira, ba ka taɓa yin kiran da ya ƙara ma buhunka daraja ba.

Wani abu kuma: rezo bai kai ko'ina ba. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ko icce sannan a samu magana. Akwai gidajen da waya guda ce, tana aljihun maigida. Mace ta yi kiwon akuyarta shekara guda, an sayar, kuɗin sun faɗa wayar da ba tata ba. Ƙungiyoyin mata masu asusu, ku yi shawara ku mallaki layinku da sunan shugabarku ko ma'ajiyarku, kuma mutum biyu aƙalla su iya karanta saƙon da ke shigowa.

Amma igiyar ta kawo ma samarinmu sana'a a gida. Mai cajin waya da hasken rana, mai sayar da kiredi, mai gyaran waya, wakilin aika kuɗi, ɗan kabu-kabu da ake kira ta waya ya kai tumatir bakin godoro. Duk aikin ga na son wanda ya iya karatu da lissafi. Ku ne ke nan.

7. HATTARA

Inda kuɗi ke bi, ɓarawo na bi. A ɗaya daga garuruwan da nake zagayawa, wani dattijo ya sayar da bijimi. Saƙo ya shigo wayarshi cewa an turo kuɗi, ya saki igiya. Da ya je wurin wakili, babu ko tamma. Mai sayen ne ya rubuta saƙon da hannunshi ya aiko. Dattijon bai iya karatu ba, kuma bai kira ɗanshi da ya iya ba. Don haka:

a) Kada ka saki kaya sai ka duba asusunka da kanka, ko wakili ya ƙirga maka kuɗi a hannu.

b) Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka faɗa mashi lambar, ɓarawo ne. Kada ka rubuta ta a bayan waya.

c) In an ce an turo maka kuɗi bisa kuskure ka maido, ko an ce ka ci kyauta amma sai ka fara biyan wani abu, kashe wayarka.

d) Ka yi rajistar layinka da sunanka da katinka na ɗan ƙasa. In waya ta ɓata, da shi za a maido maka da layin da abin da ke ciki.

e) Ka tambayi ladan aikawa kafin ka miƙa kuɗi. Ka karɓi takardar shaida, ka ajiye ta har wancan ya ce ya karɓa.

f) Kada ka sayi iri ko maganin ƙwari don ka ga hotonshi a WhatsApp. Maganin da ba shi da takarda a jikinshi na iya ƙone shuka, ya cuci mai fesawa da mai ci. Ka nuna ma malamin gona tukuna. RECA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar zaurukan manoma, ta buɗe hanyar ba da shawara ta waya cikin harsunan ƙasa. Ka tambayi zauren manoma na jiharku yadda za ka same su.

g) Kafin ka nufi iyaka da kaya, ka tambayi dokar da ake ciki. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Farashin da ka ji a waya ba shi ne izinin wucewa ba.

8. AIKIN DA MUKE BA KU

Kafin kaka ta zo, kowace ƙungiya ta zaɓi mutum guda cikin waɗanda sunka gama aji, ya zama magatakardan farashi. A saya mashi kaye. Ya nemi amintacce guda a kasuwanni uku: ta kusa, ta babban garin gunduma, da ta birni. Kowane mako ya kira su, ya rubuta rana, da sunan kasuwa, da kuɗin tiya da na buhu, na gero da dawa da wake. Ya tambayi irin buhun da irin tiyar, don mudun wani gari ba na wani ba ne. Ya rubuta kuɗin mota. Ya gwada da abin da ya ji a rediyo. Ran Juma'a bayan masallaci ya karanta ma jama'a. Kuɗin kiredi kuwa, ƙungiya ta biya daga asusunta.

In kunka yi haka shekara guda cur, kayen zai nuna maku watan da farashi ke faɗuwa, da watan da yake tashi, da kasuwar da ta fi biya. Shekara ta biyu ba za ku sayar da ka ba.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A MAJALISA

1. Wane babban gari ne kasuwarku ke bi? Kilomita nawa ne tsakaninku?
2. Faɗi hanyoyi uku da ke haɗa garinku da birni. Wacce ta fi rauni a wajenku?
3. In an aiko maka kuɗi daga Yamai, daga akwatin wa suke fitowa?
4. Me ya sa ɗan kasuwa ya riga manomi cin moriyar salula?
5. Sake lissafin sashe na 5 da buhu 10. Nawa ya rage in kun biya ladan aikawa sefa 1.000?
6. Wani ya kira ka ya nemi lambar sirrinka. Me za ka yi?

Ku rubuto amsoshinku da hannunku, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana. Za mu karanta waɗanda sunka fi kyau a shirin manoma, tare da sunan garinku. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan adana wake cikin buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau.